Madubin Yaya Zalika yana Gidan Rumji

Shekara biyar ke nan da aka kai yayata Zalika makwancinta. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in taya Inna toya masar sadaka ba, mu raba wa maƙwabta, mu yi mata addu'a, kowa ya koma harkarsa. Bana ce kawai na ɗauki alƙalami. Ni ba marubuciya ba ce. Na ci jarrabawar brebe a Gazawa, na yi shekara biyu a lise, wato babbar sakandare, na dawo gida. Wanda ya ga zancen nawa ya karkace ya yi mini uzuri. Watan jiya saura ƙiris a miƙa ni ga jandarmomi a kan kifin da ban kashe ba, kuma abin da ya hana a miƙa ni daga wurin Yaya ya fito, ta wata hanya da har yau ban gama haɗiye ta ba.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Bayan ta gama lise a Maradi, wani shiri na kiwon kifi ya ɗauke ta, suka koya mata duba lafiyar kifi. Da shirin ya tashi, suka bar mata wani tsohon madubin likita, irin wanda muke kira mikroskop a lakol, wato makaranta. Baƙi ne, mai nauyi, fentinsa ya goge a inda hannu yake kamawa. Ba ya buƙatar wuta. Wani ɗan madubi ne a ƙasansa, ana karkata shi ya ɗebo hasken sama. A garinmu an daɗe ana yi mata dariya, ana ce mata likitar kifi. Mu kifi abin miya ne, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa shi ma yana ciwo. Ita ba ta musu da kowa. Ta naɗe madubin a tsohon zane, ta ɗaure shi a baya kamar goyo, ta hau kabu-kabu, yau tana wani tabki wajen Agiye, gobe tana gefen gulbi.

Abin da take dubawa kullum shi ne kunnen kifi. Haka muke kiran jan naman nan mai tsefe-tsefe da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, wanda da shi yake numfashi a cikin ruwa, wanda kuma shi ne abu na farko da mace take cirewa ta jefa wa kaji in za ta gyara kifi. Yaya takan ce duk labarin kifi yana cikin abin da muke zubarwa. Sai ta yanko ɗan silin kunnen da almakashi, bai kai rabin farce ba, ta aza a kan wani siririn gilashi, ta ɗiga masa ruwan tabkin da kifin ya fito, ta rufe da wani gilashin da ya fi shi siranta. A nan take ganin ƙwarin da ido ba ya gani. Suna da dogayen sunaye na littafi, amma a gida ta raɗa musu nata. Akwai mai faifai, zagayayye mai haƙora a jere, yana juyawa ba ya tsayawa. Akwai mai ƙugiya, kamar ƙaramin matsattsaku, ya kafa ƙugiyoyin gindinsa a cikin naman yana miƙewa yana tsukewa. Shi ma mai ƙugiya iri biyu ne. Wani yana da ɗige baƙaƙe huɗu a kai kamar idanu, wannan ƙwai yake zubarwa a ruwa, don haka ko an yi magani yakan dawo. Wani ba shi da idanu, ɗansa yana cikin cikinsa ana hango shi. Ta ce in ba ka bambance su ba, ba ka san da wa kake faɗa ba.

Duk wannan da kunne na ji shi, ba da ido na gani ba. Aikina a wurinta ɗaukar bokiti ne. In an yi hutun lakol takan tafi da ni tabkunan kusa, ta tura ni cikin ruwa in kamo mata kifin da take so, domin ba kowane kifi take dubawa ba. Ba ta karɓar matacce, ta ce ƙwarin suna sakin kifi da zarar ya mutu, su ma su mutu su narke. Ba ta karɓar wanda aka wanke. Mai rai take so, mai wahala, wanda ya taso sama yana haki. Ni kuwa ina jin daɗin kawo mata shi, don in ga ta ɗaga kai ta ce madalla da auta. Na ɗauka haka za mu yi ta tafiya har ranar da za ta ce in zauna a gaban madubin.

Sai Barira ta shigo.

Barira ƴar Gidan Rumji ce, ubanta masunci ne a gulbi. Yaya ta haɗu da ita a wani aiki can yamma, ta dawo tana zancenta kamar ta tsinci zinariya. Ba danginmu ba ce, ba ta ma yi lakol kamar yadda na yi ba, ta girme ni da kaɗan. Amma daga lokacin, wurin zama na bayan kabu-kabu ya zama nata. Takan zo ta yi makonni a gidanmu, ta kwana a ɗakinmu, tana maganarta ta Gobirawa, tana ce wa kifi kihi. Ina daga bakin ƙofa ina kallonsu, kawunansu a haɗe a kan madubin, ɗaya ta ɗaga ido ɗaya ta sa. Na taɓa jin Yaya ta ce wa Inna yarinyar nan idona ce. Ni ba ta taɓa kirana da wani sashe na jikinta ba. In na matsa kusa sai ta ce, Habsu, je ki yi karatunki, wannan ba zai gudu ba.

Ya gudu kuwa. Farkon wata damina zazzaɓi ya kama Yaya, aka kai ta asibiti a Maradi, ba ta dawo ba. Inna ce take tare da ita. Da aka share makoki, na ga Inna ta ciro madubin daga ƙarƙashin gado tana naɗe shi a zanen nan nasa. Na ɗauka ɓoye mini shi za ta yi sai na ƙara girma. Ta ce a'a, wasiyya ce, Zalika ta ce a kai wa Barira. Na tambaye ta ko ta ambaci sunana. Ta ce ta ambata mana, ta ce a kula da karatuna. Aka ba direban motar kasuwa shi, ya ɗora a cinyar wata tsohuwa don kada ya girgiza. Ina tsaye a tasha har motar ta ɓace.

Tun daga ranar ban sake neman Barira ba. Takan kira Inna da salla ta gaishe ta, in an miƙo mini wayar sai in ce hannuna da kwaɓi.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yadda abubuwa suka koma. A zamaninta sai ta roƙi mutum kafin ya bari ta taɓa kifinsa. Yanzu daga Gazawa zuwa Agiye ba ka yin nisa ba ka ga an haƙa rami an zuba kifi ba. Ana shigo da ƴaƴan kifi daga tsallaken iyaka a cikin leda, a bayan babur, ba mai tambayar daga wane ruwa suka fito. Ina jin za ta yi murna da yawan, ta kuma yi ta faɗa a kan gaggawar. Na kuma ji labari Barira tana kara wayarta a bakin madubin ta ɗauki hoton abin da ta gani, ta tura wa masu tabki. Wannan zai ba Yaya dariya, ita da take zana su da tsinke a ƙasa don ta fahimtar da mutane. Har a kasuwar Agiye na taɓa jin wani yana cewa in kifinka ya fara mutuwa ka nemi yarinyar nan ta Gidan Rumji mai madubi. Na so in juya in ce masa madubin na gidanmu ne. Ban ce ba.

Mu ma matan garinmu muna da ƙungiya, kuma muna da tabki, an haƙa shi gefen fadama, tiyo yana kawo masa ruwa daga rijiyar burtsatse. Karfasa muke kiwo. Shugabarmu Hajiya Kulu ce, mace mai ƙoƙari, wadda ba a cika mayar mata da magana ba. Ciyar da kifin bi da bi muke yi, kowace da makonta. Da za a zuba sababbin ƴaƴan kifi bana, na ga yawansu ya wuce ruwan, ga bazara tana tafe. A taro na ɗaga hannu na ce Yaya takan ce kada a haɗa baƙin kifi da na gida sai an ware su an ga lafiyarsu, kuma cunkoso yana jawo ciwo. Hajiya Kulu ta bari na gama, sannan ta ce, Allah ya jiƙan Zalika, amma ke ba Zalika ba ce. Mata suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma ta shige ni.

Da zafi ya kai zafi, ruwan ya ja baya, kuma makona ne na ciyarwa. Na lura kifin ba sa rububin dusa kamar da. Sun taru a bakin tiyo, bakunansu a sama suna buɗewa suna rufewa, wasu suna goga jikinsu a gefen tabki. Na gaya wa Hajiya, ta ce zafi ne. Sai suka fara juyewa, farin ciki a sama, yau kaɗan, gobe fiye da haka. Kafin makona ya fita, wari ya kai bakin gari.

Ban san a bakin wa maganar ta fara ba. An ce an gan ni a tabki da bido, wato jarkar maganin feshin wake. Gaskiya ne ina zuwa da bido, amma na man gyaɗa ne, a ciki nake ɗebo ruwan jiƙa dusa. Daga nan aka ce ba kuskure ba ne, da gangan na yi, don maganar da na faɗa a taro ta tabbata, a san ni ma ƙanwar Zalika ce. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ƙarya ce da aka ɗinka daidai jikina. Kowa ya san an yi mini dariya, kowa ya ga fuskata ranar.

Da hantsi suka zo ƙofar gidanmu. Mata ne da na sani tun ina goye, waɗanda na ci tuwo a gidajensu. Ina cikin ɗaki ina jin muryoyinsu, ina gane kowace. Wata ta wurgo mataccen kifi ta kan katanga, ya faɗo kusa da randa. Wata ta ce a kira jandarmomin Gazawa. Inna ta tsaya a zaure ta riƙe ƙyaure da hannu biyu, ba ta ce komai ba sai salati. Ni kuwa na zauna a ƙasa na rungume gwiwa. Har yau in na ji mata da yawa suna magana lokaci ɗaya a waje, ko biki ne, sai ranar nan ta dawo mini.

Mai gari ne ya tsayar da abin. Ya ce ba za a kai ɗiyar mutane buron jandarmomi a kan an ce an ce ba, a nemo wanda zai duba kifin tukuna. In an samu ciwo, shi ke nan. In ba a samu ba, shi da kansa zai sa a kai ni. Hajiya Kulu ce ta ce to a kira Barira, ai ita Zalika ta bar wa aikin. Da labari ya iso mini, Allah ya sani, sai da na ji da ma wani ne daban, ko da bai kai ta iyawa ba. Ina tsakiyar tsoron ɗauri, amma zuciyata ta samu sararin wannan.

Ta iso washegari da rana tsaka, ta ratso Maradi da Agiye, ƙura har gira, madubin a goye. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedin ƙofar mai gari. Aka fito da ni aka zaunar gefe ɗaya, Inna a bayana. An hana ni zuwa tabki tun ranar da aka zo gidanmu, don haka ban san abin da aka shirya ba sai da na ga an kawo babban tire rufe da faifai an ajiye a gaban baƙuwa.

Mu a wurinmu ba a miƙa wa baƙo kifi da ƙazantarsa. Abin kunya ne, kamar ka ba mutum kaza da gashinta. Tun da safe Hajiya Kulu ta sa aka zaɓo manya, masu kyan jiki, waɗanda ba za su kunyata gari ba. Aka kankare su, aka farke, aka cire kunnuwan tas aka watsa wa kaji, aka wanke da gishiri da lemon tsami, aka jera. Ba don a cuce ni suka yi ba. Karamci suka yi, irin wanda aka koya wa kowace ɗiya. Amma da aka ɗaga faifan na ga kumatun nan a wangale babu komai a ciki, sai na ji kamar ƙasa ta zame. Hajiya ta nuna tiren ta ce wa mai gari, ranka ya daɗe, ga su nan kowa ya gani, jikinsu sumul, ba tabo ba ƙurji, kifi mai lafiya ba ya mutuwa haka kawai.

Barira ta ɗaga ɗaya ta leƙa, ta ɗaga na biyu. Sannan ta dubi Hajiya.

“Hajiya, mi kunka yi ma kihin ga? Ina kunnuwansu?”

Hajiya ta ce an gyara mata su ne, ai ba za a kawo mata datti ba bayan wannan doguwar tafiya.

“Na gode da girmamawa. Amma wanga abinci na, ba aiki ba. Ku soya min shi in na ƙare. Dattin nan da kunka ba kaji, shi na taho gani.”

Wasu suka yi dariya, Hajiya ba ta yi ba. Barira ta ce a kawo mata mai rai, mai ciwo. Sai aka fara kallon juna. Ashe da safen nan maza sun ja taru sun kwashe abin da ya rage don a yi banda kafin a yi asarar duka. Abin da ke cikin tabkin bai wuce ƴan tsirarun da suka ɓuya a laka ba. Wani ya ce bari ya je da taru. Ta ce a'a, taru yana goge jikin kifi, da bokiti take so a ɗebo shi cikin ruwansa. Ta waiwaya ta nemo ni da ido, karo na farko tun da ta zauna.

“Habsu ta iya. Tashi, ƙanwata.”

Hajiya ta ce wadda ake zargi ba ta komawa bakin ruwan. Mai gari ya ce a bi ta a gani. Haka muka tafi, ni a gaba da bokiti, rabin gari a bayana. Na ɗaure zane na shiga. Ruwan ɗumi ne kamar an dafa, laka har gwiwa. Na je bakin tiyo na tsaya ban motsa ba, kamar yadda Yaya take sa ni. Na daɗe a tsaye. Ina jin ana cewa babu komai, ta fito. Can sai ga wata ƴar karfasa, ba ta kai tafin hannu ba, ta taso a karkace tana haki. Na nutsa bokitin a hankali daga ƙarƙashinta na ɗago.

A gindin bedi Barira ta kwance zanen. Shekara biyar rabona da ganin madubin. Gogewar fentin ta ƙaru, yanzu har da ta hannunta. Ta buɗe kumatun kifin ta nuna wa na kusa: kunnen da ya kamata ya zama ja wur ya koɗe, ya kumbura, majina ta lulluɓe shi. Ta yanko sili, ta ɗiga ruwan bokitin, ta rufe. Ta karkata ɗan madubin ƙasa ta nemi farin sama, ba rana kai tsaye ba. Ta sa ido ɗaya, ɗayan a buɗe, tana murza dunƙulen gefe da yatsa biyu, ta ɗan cije leɓenta na ƙasa. Haka Yaya take yi, har cizon leɓen. Na kawar da kai.

Ta ɗago ta ce mai ƙugiya ne, mai ido huɗu, sun cika kunnen har suna hawa kan juna, ga mai faifai kuma a tsakaninsu. Da sunayen gidanmu ta kira su. Ta ce kifi mai lafiya ma ba ya rasa ɗaya ko biyu, amma irin wannan yawa, ga zafi, ga ƙarancin ruwa, ga cunkoso, kifi yana cikin ruwa numfashi zai gagare shi. Ta ce madubi ba ya nuna guba, ba za ta yi ƙarya ba. Amma ta tambaya ko kwaɗin tabkin sun mutu. Aka ce suna nan suna damun mutane. Ta tambaya ko kifin sun mutu lokaci ɗaya ne ko kaɗan-kaɗan. Aka ce kaɗan-kaɗan. Ta ce maganin feshi ba ya zaɓe kuma ba ya jira. Ta ƙara da cewa dusar da ake zubawa ta yi yawa tana ruɓewa a ƙasa, kuma wannan laifin kowace mai mako ne, har da ni.

Sai ta matsa gefe ta ce Hajiya ta zo ta gani da idonta. Hajiya Kulu ta durƙusa da ƙyar, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta ce ba ta ganin komai sai haske. Barira ta ɗan murza. Hajiya ta yi baya da sauri har ɗankwalinta ya zame, ta yi a'uziyya, ta tofar da yawu, ta ce suna motsi. Mai gari ya duba, ya daɗe, ya tashi ya ce magana ta ƙare, kowa ya kama bakinsa a kan yarinyar nan. Daga nan layi ya kafu, maza da mata, har wadda ta wurgo mana kifi. Ina jin suna cewa Zalika ta dawo, wallahi Zalika ce sak. Inna ta tashi daga bayana ta je ta rungume Barira tana kuka, tana ce mata ɗiyata.

Ni aka wanke, amma ba wanda ya tuna ya ce in zo in duba. Ina zaune da jiƙaƙƙen zane, laka tana bushewa a ƙafata. Sai da mutane suka watse aka tafi suya, na matsa na sa ido. Ɗigon ruwan ya riga ya bushe. Abin da na gani wasu ƴan zare-zare ne a kwance, ba mai motsi. Gari duka ya ga abin da ya cece ni, ban da ni.

Barira tana goge almakashi. Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi. Na ce mata me ya sa ita, me ya sa ba ni ba, ni da muka fito ciki ɗaya. Na zaci za ta lallashe ni, ta ce Yaya tana sona, irin maganar da ake yi wa marayu. Ta ci gaba da gugarta, sannan ta ce:

“In munka zauna gaban madubin ga, ke ita kike kallo, Habsu. Ni kihin nike kallo. Ta lura.”

Ta koya wa mata yadda za a yi wa sauran kifin wankan gishiri, a sauya ruwa, a sake yi bayan ƴan kwanaki saboda ƙwan da ke ƙasa, a kuma bar tabkin ya bushe ƙaƙas kafin a zuba wasu. Ta ci kifinta soyayye, ta yaba hannun Hajiya. Da za ta tafi ta ce in ina so in zo Gidan Rumji bayan girbi, akwai tabarma a ɗakinta, amma in sani madubin ba ya kwana a wani gida. Inna ta ce ba za ki yi wa yayarki rakiya ba? Na raka ta har tasha. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban kira ta yaya ba.

Yanzu ina fita, ina zuwa rijiya. Wasu sun zo sun ba Inna haƙuri, wasu sai dai su faɗaɗa gaisuwa in mun haɗu. Hajiya Kulu ba ta ba da haƙuri ba, amma a taron da ya wuce ta tambaye ni, a gaban kowa, ko baƙin kifi nawa ya kamata a zuba in an tashi. Na sha ruwa, sannan na ba ta amsa.

Na daɗe ina lissafin abin da Yaya ta bari, ina ganin an raba ba da ni ba. Kayan sawarta sun tafi wurin dangi, hotonta yana ɗakin Inna, aikinta yana Gidan Rumji. Amma tun ranar gindin bedi akwai tunanin da ya ƙi barina. Da ni ta bar wa madubin, da yana ƙarƙashin gado a naɗe, ina fito da shi duk shekara in share in yi kuka in mayar. Ko da ma na koya, na iya, ranar da aka tsayar da ni ba wanda zai karɓi shaida daga bakin wadda ake zargi. Sai an ce ta ga abin da take so ta gani. Dole sai baƙuwa, wadda ba ta da komai a tabkinmu, wadda za ta iya cewa Hajiya Kulu ta durƙusa kuma ta durƙusa. Ban ce Yaya ta hango wannan ba, gaibu na Allah ne. Ita dai ta ba da abin ga wadda za ta yi aiki da shi, kuma aikin ya zagayo ya same ni a ranar da ba ni da kowa.

Na san wannan duka. Sanin bai cire mini kishin ba, kuma ba zan rubuta a jarida cewa ya cire ba. Ina jin haushin wadda ta cece ni, ina kuma yi mata addu'a bayan kowace salla, duka biyun a zuciya ɗaya. Ban yanke shawarar zuwa Gidan Rumji ba tukuna, gero ma bai fitar da kai ba.

Wanda ya karanta wannan, in ya san Zalika ko bai san ta ba, ya sa ta a addu'a. Allah ya yalwata mata kabarinta, ya sanyaya shi. Ta hana ni abin da na fi so a cikin kayanta, kuma saboda ta hana ni ne yau nake kwana a ɗakin uwata.